Waya a Bakin Sauro

Litinin, 15 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Na iso birni jiya bayan tuƙin awa biyar, na tarar da ɗana Darcy a kwance kansa ya kumbura kamar kabewa. Muƙamuƙi ya karye wuri biyu. Likita ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, ya ce sati shida ba tauna, ba hamma, ba magana.

Da na ji «ba magana» sai dariya ta ƙwace min a gaban likitan. Allah ya yafe min. Shekara talatin da uku ina roƙon a rufe min bakin yaron nan ko na wuni ɗaya ne, ashe amsar tana hannun wani ƙato ɗan hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, mai suna Halvorsen, a gwiwar hannunsa ta dama.

An ba ni ɗan almakashin yanka waya, wai kada ya rabu da mu, ko amai zai taso masa. Na saka masa zare na rataya a wuya kusa da gicciyena.

Laraba, 17 ga Janairu, bayan abincin rana

Ya sami ɗan farin allo da alƙalami. Abu na farko da ya rubuta min: «Mama miyar nan ba gishiri.» Na ce masa ai mai sha ta tsinken roba ba shi da bakin zaɓe.

Na markaɗa masa pirogi guda takwas, 'yan ƙullin fulawa masu dankali a ciki, da madara da soyayyar albasa. Kakarsa da ta koya min naɗa su, da ta ga abin da na yi wa fulawa da dankali yau, da ta tsine min daga kabari. Ya zuƙe tas, ya rubuta: «Ƙari.»

Jaridu sun cika da shi. Sauro suke kiransa tun yana ɗan shekara goma sha tara, don aikinsa ke nan a kan ƙanƙara: ya yi ta shawagi a kunnen manyan 'yan wasa yana faɗa musu abin da zai sa su manta da ƙwallo su kai masa duka, alƙali ya kore su minti biyu. Garuruwa talatin suna yi masa ihu. Har mutanen garin da yake buga wa sun gaji da shi. Wani ya rubuta wai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ji zafi, amma ban iya cewa ƙarya ya yi ba.

Na san abin da ya faɗa wa Halvorsen. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Asabar, 20 ga Janairu

Kwana bakwai gidan shiru. Har ƙarar firij nake ji.

Talata, 23 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Koci Gauvin ya zo dubiya da kwandon tuffa. Tuffa fa, ga mutumin da ba ya buɗe baki. Na karɓa na gode, ni zan ci.

Bai cire rigarsa ba, ya zauna a bakin kujera yana juya hula. Ya ce, «Darcy, ka san ni ba na noƙe-noƙe. Takwas ga Maris ake rufe kasuwar 'yan wasa. Manya sun ce idan ba ka da amfani kafin ranar, ƙaramar ƙungiya za su tura ka. Kuma tsakani da Allah, kai ba bakin, me ya rage?»

Na ce, «Ƙafafu biyu da hannu biyu, ranka ya daɗe. Ni na haife su, na ƙirga.»

Ya ce, «Madam Kushnir, shekara goma sha huɗu bai taɓa cin fiye da ƙwallo takwas a kakar wasa ɗaya ba.»

Darcy ya zuba wa allon ido kawai. Duk wanda aka tura ƙasa yana da shekara talatin da uku ba ya dawowa, mu ukun mun sani. Da kocin ya fita na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Juma'a, 26 ga Janairu, da hantsi

Shara ta kai ni ƙarƙashin gadonsa, na jawo kwalin takalmi cike da baƙaƙen littattafai goma sha huɗu, kowace shekara ɗaya. Na ɗauka addu'o'i ne. Ni da wauta.

Kowane ɗan wasa da shafinsa biyu, kuma ba ya rubutu a bayan takardar. A na hagu ya rubuta abin da ke ƙona masa rai: wane matarsa ta bar shi, wane gashin kansa yana zubewa, wane mahaifinsa ya ƙi zuwa kallonsa. Na karanta biyar, fuskata ta yi zafi don kunya. Na nemi shafin Halvorsen, na gani, na rufe.

Na riga na ɗauki kwalin zan kai bola sai idona ya faɗa kan shafin dama. Can ba zagi. Zane ne na raga da kibiyoyi, da rubutu ƙanana. «Idan ransa ya ɓaci yana durƙusawa da wuri, saman kafaɗar dama a buɗe.» «Yana kallon fuskar mutum, ba ya kallon sanda.» «Bayan an ci shi, a ƙwallo na gaba yana fitowa da yawa daga raga.» Babu mai tsaron raga a gasar nan da yaron bai auna shi ba kamar tela.

Na same shi a falo na dangwarar da kwalin a gabansa. Na ce, «Kai ɗan nema, ka san duk wannan, shi ne kake zuwa gaban raga ka tsaya kana tambayar mutum lafiyar matarsa?»

Ya rubuta: «Abin da ake biyana ke nan.»

Na ce, «Wa ya ce?»

Ya rubuta: «Kocina na farko. Ya ce na yi gajarta. Ya ce irina ko ya zama ƙaya ko ya koma gona.»

Ban taɓa sani ba. Shekara goma sha huɗu, ban taɓa sani ba. Myron, mijina marigayi, kowace shekara sanyi na kamawa yake jan tiyo zuwa bayan gida ya malale fili da ruwa ya daskare, ya kafa tsohuwar ƙofa ya huda mata ramuka huɗu a kusurwa. Yaron nan kafin ya kai goma yana cusa ƙwallo a duk ramin da ubansa ya nuna. Ni na ɗauka girma ne ya ƙwace masa hannun.

Juma'ar dai, ƙarfe biyar

Na yage duk shafukan hagu, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke ni awa biyu. Na kai murhun gasa nama a baranda, na share dusar ƙanƙarar da ke kansa na cinna musu wuta. Yana tsaye a bayan gilashi yana buga allo, ya rubuta da manyan baƙaƙe: «AIKIN SHEKARA 14.» Na ɗaga masa almakashi na ce ya zo ya hana ni da baki. Wuta ta ci da kyau, har na ɗumama hannu.

Litinin, 29 ga Janairu

Yana fushi da ni. Yaya mutumin da ba ya magana yake daina yi maka magana? Ya kifa allon.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, da safe

Na tashi na tarar da shi a teburin kicin da rabin littattafan a baje, yana zuƙar kunun alkama yana karatu. Na ƙara masa zuma.

Ya koma atisaye. Sun haɗa wa hular kwanonsa kejin ƙarfe ya rufe fuskar duka. Ya rame kilo biyar, amma mai kula da lafiyarsu ya ce ya fi da sauri.

Talata, 6 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Jiya ya buga wasansa na farko. Mura ta kwantar da 'yan gaba uku, dole Gauvin ya saka shi, ba don Allah ba.

Kujerata tana gaban wani tsoho mai hular gashin dabba irin mai kunnuwa, sunansa Wendell, ya ce shekara talatin yana zama a wurin. Bai san ko ni wace ce ba. Darcy na shiga ya ce, «To, ga Sauro an saka shi a keji. Da ma tun tuni.»

Na ce, «Ka san shi ne?»

Ya ce, «Baiwar Allah, ni uwarsa nake tausaya wa.»

Na ce lallai tana buƙata.

A zango na biyu aka kori ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar baƙi, aka tura Darcy gaban raga, inda ya saba tsayawa ana dukan bayansa da sanda. Mai tsaron ragar ya yi ta kallon fuskarsa yana jiran zagi. Zagi bai zo ba. Ƙwallo ya zo, Darcy ya ɗan karkata sanda ya goga shi, ya wuce ta saman kafaɗar dama. Fitilar bayan raga ta kunna ja, alamar an ci.

Filin ya yi jim kafin ya fashe, kamar ba su yarda da idonsu ba. Wendell ya ce, «Tsautsayi ne. Ko makaho yakan taka kuɗi.» Na yi ihu har almakashi ya buge ni a haɓa.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, bayan coci

Ƙwallo uku a wasa uku. Na kunna wa Myron kyandir.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, da rana

Ya juyo da allon, mun shirya. Jiya yana zuƙar miyar borsh ya rubuta min doguwar magana har sai da ya goge sau uku.

Ya ce shi da can idan ya shiga fili kansa cike yake da abin da zai faɗa wa wane da wane, yana tsara magana kamar mai shirin faɗa da maƙwabci. Ƙwallo yakan wuce ta gefensa bai gani ba. Yanzu kan ba kowa. Yana jin ƙarar ƙarfen takalmi a bayansa ya san ko wane ne ba tare da ya waiwaya ba. Yana ganin gwiwar mai tsaron raga tana rawa kafin ta sauka.

Ya ƙara da cewa, «Kuma suna tsorona. Shirun ya fi damunsu.»

Na ce, «Ni ma da ka yi shiru kana ƙarami na san akwai abin da ka fasa.»

Dariya da waya a baki sai ta hanci take fita. Na ji daɗinta fiye da duk wata waƙa da aka taɓa rera min.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Biyu yau, a wasan rana. Shida ke nan.

Wendell ya fara canza sheƙa amma girman kai ya hana shi sauka gaba ɗaya. Ya ce, «Ni dama na sha faɗa, yaron yana da hannu.»

Na ce, «Yaushe ka faɗa? Ni keji na ji.»

Ya ce, «Ke kam kin cika kare shi, sai ka ce ke kika haife shi.»

Na ce, «Awa goma sha tara ina naƙuda, a cikin guguwar ƙanƙara, kuma da kuka ya fito bai tsaya ba sai watan jiya.»

Tsohon ya yi tsuru-tsuru, ya cire hular ya mayar. A hutun zango ya ɓace, sai ga shi da kofi biyu da soyayyen dankali. Ya ce, «Madam, duk abin da na faɗa...» Na ce ya bari, rabinsa ni na riga shi faɗa.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Tara. Ya wuce takwas ɗin da Gauvin ya zo ya karanta min a falo da tuffarsa. Jibi za a cire wayar, kuma maimakon murna tsoro nake ji. Kwana goma sha uku ya rage a rufe kasuwa.

Litinin, 26 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

An cire. Likita ya zuba guntayen wayar a 'yar kwalba ya miƙo min, ban san me ya gani a fuskata ba.

Bakin bai buɗu sosai ba, yatsa biyu kawai ke shiga. Na tsaya ina jiran kalmar farko, har na tanadi hankici. Ya motsa haɓa hagu da dama, ya kalle ni, ya ce da wata murya kamar ta tsatsar ƙofa, «Mama, kin yi ƙiba.»

Tuffar koci ce da dankalin Wendell. Na make shi da jaka a kafaɗa, na rungume shi, na jiƙa masa riga.

Alhamis, 29 ga Fabrairu, da safe

Ba na son rubuta jiya.

Sau uku aka kore shi a wasan. Na hango kejin fuskarsa yana motsi a kunnen wani yaro ɗan shekara ashirin, na ga fuskar yaron ta canza. Ƙwallo ya zo masa a gaban raga ba kowa, yana can yana surutu, ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa. An ci mu huɗu da ɗaya.

A mota ya ce Gauvin ne ya sa shi. Wai ranar Lahadi ƙungiyar Halvorsen za ta zo, kuma koci ya ce masa, «Baki ya dawo, ka ɗumama shi. Ranar Lahadi ina son Halvorsen ya wuni a ɗakin horo, alƙali yana ta korarsa. Ka san maganar da ke tunzura shi, ka gwada ta ta yi aiki.»

Na taka birki a gefen titi. Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta, na san yadda ake tsayar da mota a juyo.

Na ce, «Idan ka sake faɗa wa bawan Allahn nan wannan maganar, kada ka neme ni a kujerar kallo.»

Ya ce, «Mama, idan na ƙi, shi ke rubuta sunayen da za a tura ƙasa.»

Na ce, «To su tura ka. Gona tana nan, ƙofar ubanka mai ramuka huɗu tana nan a rumbu.»

Yanzu da yake da baki, shi ne bai amsa ba.

Asabar, 2 ga Maris

Na naɗa pirogi tamanin, ban san wa zai ci ba. Hannuna ne ya ƙi zama.

Lahadi, 3 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Bari in rubuta a tsanake kada in tsallake wani abu.

Wasan ƙarfe ɗaya ne. Fili ya cika, kowa jini ya zo gani. Tun kafin alƙali ya saki ƙwallon farko Darcy ya sulale ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Halvorsen, kansa bai kai haɓar mutumin ba. Na ga kejin ya motsa. Na miƙe na ɗauki jakata, da gaske tafiya zan yi. Wendell ya riƙe min hannun riga ya ce, «Tsaya, Orysia. Dubi ƙaton.»

Halvorsen bai ɗaga hannu ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙanƙara, ya daɗe, sannan ya ɗan bugi takalmin Darcy da sandarsa sau ɗaya. Alƙali ya saki ƙwallo.

Daga nan ban sake ganin bakin ɗana ya motsa ba. Na farko ya ci a minti na shida, ta kafaɗa. Na biyu ya goga shi ne a gaban raga, Halvorsen yana nannaɗe da shi kamar bargo, duka na tsakani da Allah ba mugunta. Gauvin yana ta yi masa alama da hannu yana buɗe yatsu yana rufewa kamar bakin agwagwa, Darcy ya yi kamar bai gani ba.

Saura minti huɗu, biyu da biyu. Mai tsaron ragarsu an riga an ci shi sau biyu, ni kuma na karanta shafinsa na dama, na san zai fito da yawa. Wallahi na san kafin ya fito. Ya fito, Darcy ya ja ƙwallo ya kewaye shi ya tura a raga kamar mai ajiye burodi a tanda.

Uku a wasa ɗaya daga mutum ɗaya, a al'adar wasan dole a jefa hula. Suka fara sauka daga sama kamar tsuntsaye, na yara da na manya, daga hannun mutanen da suka yi shekaru suna yi masa ihu. Na cire tawa da na saƙa da kaina na wurga, ta faɗi a kan wani mai sayar da lemo. Na juya na ga Wendell riƙe da hular gashinsa da hannu biyu. Ya ce ta mahaifinsa ce, shekara talatin bai jefa wa kowa ita ba. Na ce to ya riƙe abarsa. Ya ce, «Ke dai matsa.» Ta yi nisa fiye da tawa.

A mota na tambaye shi abin da ya faɗa wa Halvorsen.

Ya ce, «Na ce masa abin da na faɗa a kan 'yarsa ƙazanta ne, kuma da ni ne shi da na karya wuri uku. Na tambaye shi jikinta.»

Na ce, «Me ya ce?»

«Ya ce ta fara tafiya da kanta. Sannan ya ce in rufe masa baki in yi wasa.» Ya jingina kai da gilashi. «Mama, shekara goma sha huɗu ina jiran wani ya faɗa min haka.»

Na ce ni fa tun yana goye nake faɗa masa. Sai na kunna abin goge gilashi alhali ba abin da ke sauka.

Juma'a, 8 ga Maris, ƙarfe uku da minti biyar

An rufe kasuwa ƙarfe uku. Waya ba ta yi ƙara ba. Yana nan.

Ya ci pirogi ashirin da uku, da haƙoransa.

Talata, 15 ga Afrilu, shekara guda bayan haka, da hantsi

Ina neman irin tumatir a aljihun tebur na ci karo da littafin nan, bari in cike shafin.

Arba'in da biyu ya ci a kakar bana. Yana da shekara talatin da huɗu, har yanzu da kejin a fuska ko da yake ƙashi ya warke tuni. Gauvin yana gaya wa 'yan jarida wai shi ya gano shi. Wata 'yar jarida ta yo tattaki har ƙauyen nan ta tambaye ni sirrin, na ce ta je ta tambayi Halvorsen, shi ya yi masa aikin.

Kwalbar wayar tana kan kanta, kusa da hoton Myron da ƙwallon nan na uku.

A fili ba ya ce wa kowa ƙala. Tarawa yake yi. Washegarin kowane wasa ƙarfe tara na safe waya take ƙara, ya fara, wane ya yi kaza, gwiwar wane ta yi kaza, Wendell yana gaishe ki, miyar otal ba gishiri. Awa guda ba ya numfashi. Nakan ajiye wayar a kan tebur in ci gaba da murza fulawa, ina cewa «to» can ba a rasa ba. Bakin da ya addabi garuruwa talatin yanzu ni kaɗai nake shansa.

Yau ya tsaya a tsakiya ya ce, «Mama, na cika ki da surutu ko?»

Na ce, «Ka cika ni. Ci gaba.»